Wa Ke Biyan Kuɗin Karatu Mai Zurfi? Tarihin Burs Daga Gore Zuwa Agadas



Wata rana da dare, a ajinmu na yaƙi da jahilci a Asamaka, mun gama darasi ana naɗe tabarmi, sai wani dattijo ya tsaya bai fita ba. Ɗan dako ne. Aikinsa sauke taliya da dabino da madarar gari daga manyan motocin da ke zuwa daga Aljeriya. Ya ce mini: "Malam, ina da tambaya. Ɗana yana lakwal. Malaminsu ya ce yaron yana da kai. To, in ya gama nan, sai ina? Ka dai san abin da nake samu. Waɗannan da ke zama likita da injiniya, wa ke biya musu?"

Na ce: "Baba, akwai abin da ake kira burs."

Ya ce: "Na sha jin sunan a rediyo, kullum ana rigima a kansa. Ni na ɗauka na ƴaƴan manya ne."

Dare ya yi, amsar kuwa doguwa ce. Ga ta nan na rubuta, domin shi da kai.

Burs kalmar Faransanci ce. Ma'anarta kuɗin da ake ba ɗalibi domin ya ci, ya sha, ya sami wurin kwana, ya sayi littafi, har ya gama karatunsa. Mafi yawansa daga baitulmalin gwamnati yake fitowa. Ke nan ba kyautar wani mai kuɗi ba ce, ba kuma sadaka ba. Dukiyar ƙasa ce. In ka bi tarihinsa za ka ga yana cika yana raguwa tare da aljihun Nijar, kamar rijiya da damina.

Tun kafin zuwan Nasara

Kada ka ɗauka Turawa ne suka fara ciyar da mai neman ilimi. Agadas tsohon garin malamai ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya zo can ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Almajirin da ya baro garinsu a wancan zamani, gari ne ke riƙe shi. Wannan gida ya ba shi tuwo, wancan ya ba shi tsohuwar riga, zakka ta fita a kai wa malaminsa. Akwai ma abin da ya fi wannan tsufa. Wajen shekarar 1240, mutanen Kanem, daular da ikonta ya kai har Kawar, wajen Bilma, sun gina makaranta da masauki a birnin Alƙahira ta Masar. Suna aika kuɗi daga gida domin ɗalibansu da alhazansu su sami wurin zama. Ka ga burs ke nan, shekara kusan 800 da suka wuce, sai dai sunan ne daban.

Hanyar Gore

Da Faransawa suka ci ƙasa, sai suka ga suna bukatar masu rubuta musu haraji, da tafintoci, da malaman lakwal, da masu taimakon likita. Suka buɗe makarantu ƴan kaɗan, gwargwadon bukatarsu. Babbarsu duka ita ce makarantar William Ponty, can Senegal, a wani tsibiri da ake kira Gore, tsakiyar ruwan teku kusa da Dakar. A 1938 aka mai da ita wani gari mai suna Sebikotan. Yara daga ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa suke yin jarrabawar shiga. Wanda ya ci, za a ciyar da shi, a tufatar da shi, a biya masa kuɗin hanya. Shi kuma ya sa hannu cewa zai yi wa gwamnati aiki shekara 10. Kuɗin kuwa daga ina? Daga harajin da ubansa da kakansa suke biya.

Dubi tafiyar Bubu Hama. An haife shi a ƙauyen Foneko, kusa da Tera. Ya fara lakwal a Tera, aka kai shi Dori, daga nan Wagadugu, daga nan Gore. A 1929 ya dawo, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito malamin makaranta daga Ponty. Daga baya ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974. Diori Hamani, shugaban ƙasa na farko, shi ma ɗan Ponty ne. Haka Djibo Bakari, wanda ya taɓa koyarwa a nan Agadas. Ka lura da wannan: mutanen da suka karɓi mulki daga hannun Faransa kusan dukansu ƴaƴan burs ne. Mata kuwa sai a 1938 aka buɗe musu tasu makarantar horon malamai a Rufisk, ita ma a Senegal.

A ƙasar Abzin fa? Nan abin ya makara ƙwarai, kuma da dalili. Daga ƙarshen 1916 zuwa watan Maris na 1917 Kawsan da mayaƙansa suka kewaye barikin Faransawa a Agadas. Da sojan Faransa suka karya su, sun yi kisa mai yawa, har da malamai, mutane da dama suka watse. Wanda ya ga wannan da idonsa, yaya za a yi ya miƙa wa Nasara ɗansa da daɗin rai? In an ji ana zuwa rubuta yara, sai a ɓoye su cikin duwatsu. Wasu shugabanni suka riƙa ba da ƴaƴan barorinsu a madadin nasu. Sai bayan yaƙin duniya na biyu aka fara buɗe makarantun makiyaya masu ba da abinci. Ban ga laifin iyayen nan ba. Amma tazarar da aka samu a lokacin, jikokinsu sun daɗe suna biyan ta.

Bayan 1946 ƙofa ta ƙara buɗewa. An hana aikin tilas, an kafa majalisun yankuna, aka fara aika ɗalibai har Faransa. Cikin waɗanda suka tafi akwai Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya yi Damagaram, ya yi Yamai, ya yi Ponty da Dakar, sa'an nan Paris. A 1956 ya ci babbar jarrabawar malaman kimiyya ta Faransa. Daga baya ya sami wani burs ɗin a Tarayyar Sobiyet, ya koyo yadda ake sarrafa zafin rana. Ya dawo gida ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana daga 1969. In ka ga faifan sola a kan wata bukka yana cajin waya, ka tuna akwai ɗan ƙasarka da ya ba da rayuwarsa ga wannan ilimi tun ba a san za a zo nan ba. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar Yamai sunansa a 1992.

Kuɗin gyaɗa, kuɗin uraniyom

Ranar 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta sami mulkin kai, cikin yara 100 da suka isa shiga lakwal ko biyar ba su shiga ba. Jami'a kuwa babu. Duk wanda ya ci jarrabawar bak, wato ta ƙarshen lise, sai a ba shi burs a tura shi Dakar, ko Abijan, ko Faransa, ko Sobiyet. Gwamnati ce ke zaɓa masa abin da zai karanta. In ya dawo, aiki na jiransa. Su kaɗan ne, shi ya sa kuɗin gyaɗar manoman Maraɗi da Damagaram da harajin dabbobi suka iya ɗaukar su. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ba a daɗe ba ta zama jami'a.

A wannan shekara ta 1971 ne kuma wani abu ya faru a nan gefenmu. Tun 1957 masu neman tagulla suka ci karo da uraniyom a Azelik. A 1968 aka kafa kamfanin SOMAIR, aka gina garin Arlit a filin da babu komai sai rairayi da duwatsu, a 1971 aka fara fitar da ƙarfen. Kamfani na biyu, COMINAK, an kafa shi a 1974, ya fara aiki a 1978, garin Akokan ya tashi. Farashi ya yi sama a kasuwar duniya. Kafin 1980 uraniyom ya fi kashi biyu cikin uku na abin da Nijar ke sayarwa waje. Gwamnatin Seyni Kunce ta sauke wa talakawa harajin kai, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka gina makarantu.

Zamanin nan shi ne damina ga ɗan makaranta. Kamfanoni suna neman masu ilimi ido rufe, domin manyan ma'aikatansu na farko Turawa ne. Aka kafa makarantar ma'adinai ta Abzin a Agadas, wadda ake kira EMAIR, a 1975, domin horar da masu aikin haƙa da masu kula da injuna. Masu son zama injiniya aka tura su waje. Mahamadu Isufu, ɗan ƙauyen Dandaji cikin ƙasar Illela, ya yi lissafi a Yamai, ya wuce makarantar ma'adinai ta Saint-Etienne a Faransa, ya zo ya yi aiki a SOMAIR a nan Arlit. Shi ne ya zama shugaban ƙasa daga 2011 zuwa 2021. Firaministansa na waɗannan shekaru goma, Brigi Rafini, ɗan Iferwan ne, ya yi makarantar horon ma'aikatan mulki a Yamai da Paris.

Amma bari in faɗa maka gaskiya. Da ruwan burs ya sauka, wanda ya kafa tulu shi ya tara. Yaron da ya riga ya kai lise shi ne ya samu, mafi yawansu kuwa ƴan birni ne da ƴaƴan ma'aikata. Makiyayin da aka haƙa rami a makiyayarsa, ɗansa ko aji ɗaya bai shiga ba. Abin da ya rage masa shi ne gadi da dako. Ba a hana shi burs ba, bai iso inda ake rabawa ba ne. Wannan ƙorafi yana cikin abubuwan da ƴan tawayen arewa suka riƙa ambata, a tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da wanda aka yi daga 2007 zuwa 2009. Abin baƙin ciki, a shekarun faɗan makarantun daji ne suka fara rufewa.

Da rijiya ta ja baya

A 1979 wata tashar lantarki mai aiki da uraniyom ta yi haɗari a Amurka. Ƙasashe suka tsorata, suka rage gina irinta. Farashin da ya wuce dalar Amurka 40 a kan kowace laba ya yi ta sauka, har ya koma wajen 10 kafin 1990. Ga bashin da aka ci lokacin daɗi. Ga fari na 1984, shekarar da manya ke kira El-Buhari. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: da baitulmali ya bushe, ɗalibai suka ji a tukunyarsu. Gwamnati ta nemi rance wurin Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Su kuma suka kafa sharaɗi a tsuke bakin aljihu, a rage abin da ake kashe wa jami'a, a fi ba ƙananan makarantu ƙarfi.

Ɗalibai suka ce ba su yarda ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 suka fito daga jami'a, suka hau gadar Kennedy za su tsallaka kogin Kwara su shiga gari. Jami'an tsaro suka buɗe wuta. Ɗalibai uku suka mutu, wasu da yawa suka ji rauni. Wannan jini ya girgiza ƙasa. Ƙungiyoyin ma'aikata suka haɗa kai da ƙungiyar ƴan makaranta ta USN, aka matsa wa gwamnatin Ali Saibu, har aka kira babban taron ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, aka buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa. Ka ji yadda maganar tuwon ɗalibi ta shiga cikin abubuwan da suka sauya mulkin ƙasa.

Sauyin mulki bai cika tukunya ba. A watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Ɗalibin da ke Faransa ya wayi gari burs ɗinsa ya koma rabi. Na gida suka riƙa jira wata da watanni ba a biya ba. Yajin karatu ya yi yawa, har akwai shekarun da aka soke baki ɗaya, kowa ya maimaita aji. Tun daga nan abu biyu suka ƙare: cin bak bai ƙara zama tabbacin samun burs ba, digiri kuma bai ƙara zama tabbacin samun aikin gwamnati ba. Rigimar da dattijon nan yake ji a rediyo, ga asalinta.

Ƙofa ta matso kusa

Duk da haka, an ci gaba. Bubu Hama sai da ya kai bakin teku. Ɗanka ba sai ya je can ba. A 1986 aka buɗe Jami'ar Musulunci a Say. A 1990 makarantar injiniyoyi ta EMIG ta fara aiki a Yamai. A 2010 Maraɗi da Tawa da Damagaram suka sami jami'o'insu. A 2014 aka kafa ta Agadas, tare da na Diffa da Doso da Tillaberi. A wajen ma'adinai kuwa abubuwa sun juya: COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata da yawa suka rasa aiki, a 2025 kuma gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Saboda haka kada uba ya ce wa ɗansa karatun haƙa kaɗai ne karatu. Arewa tana bukatar likitan mutane da na dabbobi, da ungozoma, da masanin ruwa, da malamin makaranta.

Hukumar da aka ɗora wa rabon burs sunanta ANAB, babban ofishinta yana Yamai. Burs iri biyu ne ke bi ta hannunta. Na farko na gwamnatin Nijar ne, ana biyan sa wata uku-uku. Na biyu na ƙasashe abokai ne, waɗanda ke ware wa Nijar gurabe a jami'o'insu. Aljeriya, wadda iyakarta ke kilomita 15 daga Asamaka, ta daɗe tana cikin masu ba da gurabe da yawa, haka ma Maroko. Yaran makarantun Faransanci da Larabci kuma sukan sami hanyar Azhar a Masar ko Madina. Wanda bai sami burs ba yana iya neman wani ɗan tallafi da bai kai shi ba. Abin da ake dubawa shi ne makin da yaro ya samu a bak, da shekarunsa, da takardunsa. Ana ba da sanarwa, ana sa ranar rufewa, in ta wuce ta wuce.

A nan wani abu yake ba ni mamaki. Yaron Asamaka da ke son karatu a Aljeriya, ƙasar da yake iya hango fitilunta da dare, sai takardunsa sun yi tafiyar kilomita wajen 1,400 zuwa kudu tukuna. Daga Asamaka zuwa Arlit ya fi kilomita 200. Daga Arlit zuwa Agadas wajen 240. Daga Agadas zuwa Yamai ya fi 900.

Inda ƴaƴanmu ke faɗuwa

Yanzu ka dubi tsanin da yaro zai hau. Shekara 6 a firamare. Shekara 4 a koleji, ya yi jarrabawar BEPC. Shekara 3 a lise, ya yi bak. Shekara 13 ke nan in bai maimaita aji ba. Burs yana can saman tsani. A abin da na gani da idona, ƴaƴan karkara ba a sama suke faɗuwa ba, a ƙasa ne.

Wuri na farko shi ne masauki. Yaro ya gama firamare, koleji tana wani gari. Wa zai riƙe shi? In ya faɗa gidan da za a mai da shi ɗan ɗiban ruwa, kafin shekara ta zagayo ya gudo. Ƴa mace kuwa sau da yawa ba a ma yarda ta tafi, sai a yi mata aure tana aji shida, ko da ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ke uwa mai karanta wannan, in kina da ƴar'uwa amintacciya a Arlit ko Agadas, fara yi mata maganar tun yarinya tana aji huɗu. Ki tanadi ɗan abin da za ki riƙa aika mata, ko gero ne, ko cuku, ko akuya ɗaya a shekara.

Wuri na biyu takarda ce, kuma a nan nake so ka buɗe kunne. Yaron da aka haifa a daji, ba a asibiti ba, sau da yawa ba shi da takardar haihuwa. Ba tare da ita ba, ba zai zauna jarrabawa ba, ba zai sami takardar zama ɗan ƙasa ba, balle fasfo. In lokacin rubuta haihuwa ya wuce, alƙali yana ba da takarda madadinta, in ka je da shaidu. Wani lokaci ma alƙalai kan fito ƙauyuka su yi wa jama'a da yawa a rana ɗaya. In ka ji sun zo, bar abin da kake yi ka je. Da sanyin safiya ake kama fara.

Kuma in an ba ka takardar, kada ka naɗe ta ka sa aljihu. Ai yanzu ka iya karatu. Duba sunan yaro harafi-harafi, da naka, da na uwarsa, da shekarar haihuwa. A ƙasarmu suna ɗaya yana da rubutu uku: wannan ya rubuta Mahamadu, wancan Muhammad, wani Mamman. Ina da aboki da muka yi lise tare, ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba. Ya ci bak da maki mai kyau, ya nemi gurbin karatun likita a waje. Sai aka ga sunan mahaifinsa a takardar haihuwa daban, a takardar bak daban. Kafin ya je garinsu a gyara ya dawo, an rufe karɓa. Yana nan yana sayar da kayan gyaran babur, yana rufa wa kansa asiri. Amma duk ranar da na shiga asibiti na tarar da layi, shi nake tunawa.

Shekaru ma abin lura ne. Yaron da aka sa lakwal yana da shekara 10, saboda yana kiwo, zai kai bak ya girme wa sa'o'in ajinsa, kuma wajen rabon burs ana fifita mai ƙananan shekaru. Sa shi da wuri. In ya kai ajin ƙarshe na lise, ya riƙa tambayar shugaban makarantarsu labarin sanarwa, ya saurari rediyo, ya tanadi hotuna da kofen takardunsa masu hatimin hukuma tun kafin sakamako ya fito. Wanda ya ce maka kawo kuɗi in samo wa ɗanka burs, riƙe kuɗinka, ka je ofis da ƙafarka ka tambaya.

Da na karanta wa ajinmu wannan bayani, dattijon nan ɗan dako ya yi shiru. Can ya ce: "Malam, yaron a hanyar Ingal aka haife shi, muna tafe da raƙuma. Ba shi da ko guntuwar takarda." Ya miƙo mini allonsa ya ce in rubuta masa sunayen takardun da ake bukata. Na ce a'a, Baba, kai za ka rubuta. Ya riƙe alli, ya daɗe a kan kalmar "haihuwa", ya goge sau biyu. Washegari ban gan shi a aji ba. Maƙwabcinsa ya ce ya tafi neman mutum biyu da suka halarci sunan yaron, domin su raka shi wurin alƙali.